Tiredin Faransa a Cikin Motar Ingila

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Abingdon. Tun 1963 aka daina ɗaukar fasinja a tasharta. Wanda ya taso daga Landan sai ya sauka a Oxford ya hau bas, ya yi kudu kamar kilomita 10, ya tarar da garin kwance a bakin kogin Thames, shiru abinsa. Alhali daga 1929 har zuwa Oktoban 1980 a nan ake haɗa motocin MG, waɗanda suka fi suna a cikinsu su ne 'yan ƙananan nan masu kujera biyu da rufin tamfol. Ba don kai yara makaranta aka yi su ba, an yi su ne don direba ya sha iska ya sha kwana da gudu. Samfurin MGB kaɗai, wanda aka fara a 1962, an yi fiye da rabin miliyan, mafi yawa aka tura Amurka. A Satumban 1979 garin ya yi bikin cikar masana'antar shekara 50, ko gajiyar biki ba a warware ba aka sanar cewa za a rufe ta. Yau sunan MG yana hannun kamfanin SAIC na ƙasar Sin.

A tsakiyar kasuwar garin akwai County Hall, dogon gini na ƙarni na 17 da ke tsaye a kan ginshiƙai, a benensa aka ajiye MGB mai buɗaɗɗen rufi ta ƙarshe da aka haɗa. Matattakala ba ta iya ɗaukarta ba, ta taga aka shigar da ita. Na zagaya ta na leƙa ciki, ban daɗe ba na sauko, domin ba ita ta kawo ni ba.

Kawu ne ya kawo ni. Ya daɗe a Oxford, amma kafin karatu ya fitar da shi waje ya yi yaron gareji a Kaduna, zamanin da 504 ke fitowa sabuwa fil daga masana'antar Peugeot ta garin, har yanzu kuma idan mota ta wuce yakan karkata kunne. Yana da wani aboki Bature a wani ƙauye bayan Abingdon, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya sauke injin motarsa ya baje shi a garejin gida yana haɗawa da hannunsa sannu a hankali. Irinsa suna da yawa a ƙasar. Suna da ƙungiya tun 1930, hedkwatarta tana gefen tsohon filin masana'antar, a gidan da aka sa wa sunan Cecil Kimber, mutumin da ya kafa MG. Kayan gyara ba su yanke musu ba. A garin Witney, nan kusa, har sabuwar bodin MGB ake bugawa da ainihin na'urorin da aka buga ta asali.

Motar dattijon ta girmi MGB nesa ba kusa ba. TC ce, samfurin da aka yi daga 1945 zuwa 1949, kimanin guda 10,000, mai tayoyin waya irin na keke da ƙashin bodi na katako. Injinta, wanda ake kira XPAG, silinda huɗu ne, cc 1,250. Mun same shi tsirara a kan tsayayyen ƙarfe a tsakiyar gareji, an wanke shi tas, ramukan fistin suna ƙyalli. Garejin da sanyi, 'yar hita tana ta fama a lungu, rediyo yana magana ba mai saurare. Abin da ya fara ɗaukar idona ba injin ba ne, kwalaye ne jingine a bango. A jikin kowane kwali an zana hoton wani sashe na inji da biro, an huda ramuka, an soke kowane bol a daidai gurbin da aka ciro shi. Ƙananan notuna kuma suna cikin 'yan ledoji, kowace da rubutu.

Kawu ya yi dariya ya ce da Hausa, "Ka gani ko, ɗan nan? Mu a daro ɗaya muke zuba su duka, mu tsiyaya fetur a kai."

Dattijon bai ji Hausa ba amma ya gane dariyar. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko bol uku da noti ɗaya, ya zuba mini a tafin hannu ya ce in gwada. A ido ukun ɗaya suke. Na farko ya yi zagaye ɗaya da wani abu a cikin notin ya cije. Na biyu ya tafi lafiya lau, zagaye uku, huɗu, sannan ya fara tauri. Na uku ya zarce har ƙarshe ba gardama. Sai ya zaro wani ɗan ma'auni mai ganyayyaki kamar wuƙar aljihu, kowane ganye da haƙora a gefe, ya riƙa ɗora su a kan tiredin yana ɗagawa wajen hasken taga. Ganyen da ya zauna ba tare da haske ya ratsa ba, shi ne lambar. Na farko BSF ne, tsohon tsarin Ingila, kaurinsa 5/16 na inci, zare 22 a inci guda. Na biyu UNF ne, kauri ɗaya, zare 24. Na uku milimita 8 ne, tazarar zarensa milimita 1, wato zare 25 da ɗoriya a inci. Bambancin kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Mugun cikinsu shi ne na biyu, domin yana shiga har mutum ya sakankance, idan ya fara tauri sai a ɗauka datti ne a ɗauko sifana. Juyi biyu, tiredin da aka yanka a bulok tun kafin a haifi mai sifanar ya tafi.

Yadda aka yi ƙasa guda ta tara wannan rikici, dogon labari ne. Kafin 1841 kowace maƙera a Ingila da irin tiredinta, notin wannan ba ya shiga bol ɗin wancan. A shekarar ne Joseph Whitworth, injiniyan Manchester, ya tattaro samfura daga maƙeru daban-daban ya fitar da tsari guda, kusurwar haƙorin digiri 55. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa, sauran suka bi. A Amurka kuma William Sellers ya kawo nasa a 1864 mai digiri 60, wanda ya fi sauƙin yankawa. Aka zauna haka har Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da abokan ƙawance suka ga takansu: kayan gyaran wannan ba sa hawa na'urar wancan a bakin daga. A 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka amince da tsarin bai-ɗaya, wanda UNF ta fito daga ciki. Kamfanonin motocin Ingila suka koma kansa a shekarun 1950, daga baya kuma suka sake komawa milimita. Ba wanda ya zubar da tsofaffin na'urorinsa rana ɗaya, don haka mota guda takan ɗauki tsari biyu ko uku.

To ina ruwan MG ta 1940 da wani abu da milimita? A nan labarin ya fi daɗi. Abingdon ba ta taɓa ƙera inji ba, haɗa mota kawai take yi. Injin TC daga Coventry yake zuwa. Masana'antar injunan Morris, kamfanin da MG take ƙarƙashinsa a lokacin, asalinta ta Hotchkiss ce, kamfanin makamai na Faransa, wanda ya buɗe reshe a Coventry lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ƙera bindigogi masu sarrafa kansu. Da yaƙi ya ƙare ba mai sayen bindiga, suka koma ƙera wa William Morris injin mota, a 1923 kuma ya saye wurin gaba ɗaya. Na'urorin Faransawa milimita suke yanka, Morris kuwa ba mai zubar da kuɗi ba ne. Amma makanikan Ingila ba su da sifanar milimita. Sai aka raba gardama: jikin bol ɗin Bafaranshe, kansa Ba'ingile. Haka aka tafi har tsakiyar shekarun 1950.

Kawu bai yarda ba sai da ya gwada. Hannunsa na Peugeot ne, idan ya kalli kai ya san lamba. Ya ɗauki sifana 13, ta ƙi hawa. Ya ɗauki 14, tana rawa. Kan bol ɗin milimita 13 da sulusi ne, sifanarsa kuwa an rubuta mata 1/4 W, domin Whitworth ba faɗin kai yake rubutawa a sifana ba, kaurin jikin bol yake rubutawa. Dattijon ya nuna mana wasu kawuna da suka zama kamar goriba saboda wani mai motar na baya ya yi ta murza su da 14. Ni dai ban ga abin sha'awa a wannan gado ba. Masu MG suna ba da labarin cikin alfahari, amma rowa ce da taurin kai suka haifar da shi, ba hikima ba.

Bayan shayi aka shiga gardamar da na lura ba ranar suka fara ta ba. Dattijon ya ciro sifana mai awo daga akwatinta, irin wadda ake saita lamba a mariƙinta, idan ɗauri ya kai ta yi ƙas. Kawu ya ce ubangidansa na Kaduna bai taɓa mallakar irinta ba, kuma injunan da ya haɗa sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kaduna da Legas. Hannu ne ma'auni, in ji shi.

Akwai gaskiya a maganarsa, ko da rabi ce. Ana ƙera sifana ne tsawonta daidai da girman notinta, ƙarama gajeriya, babba doguwa, saboda ƙarfin hannun mutum ya faɗo kusa da abin da ake so. Gogaggen hannu kuma yana jin lokacin da ƙarfe ya fara miƙewa. Inda zancen ke lalacewa shi ne ranar da aka zura bututu a bayan sifana, yaro ya hau kai da ƙafa. Mutane da yawa sun ɗauka bol ƙusa ce mai zare, iyakarta ta shiga ta tsaya. Ba haka ba ne. Bol yana riƙe kaya ne kamar yadda robar tayar nan ke riƙe buhu a bayan babur: ba ƙullin ke riƙewa ba, jan da aka yi wa robar ne, da ƙoƙarinta na komawa yadda take. Idan an ɗaure notin tof silinda, sandar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tana miƙewa da abin da ido ba ya gani, wannan miƙewar ce ke danne gasket ta hana wuta da ruwa da mai haɗuwa. Ja bai kai ba, gasket ta ƙone. Ja ya wuce, ƙarfen ya saki ba zai koma ba.

Sai dai ita ma sifana mai awo ba miƙewar take aunawa ba, wahalar juyawa take aunawa. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da aka sa ne kawai ke tafiya ga jan bol. Sauran yana ƙarewa a gogayya, kusan rabi a ƙarƙashin kai, ragowar a cikin tiredi. Ke nan lamba ɗaya, a ce 50 a ma'aunin fam-ƙafa, tana iya ba da ɗauri daban-daban gwargwadon abin da ke jikin zaren. Da tsatsa, sifana ta yi ƙas tun bol bai ja komai ba. Da giris mai santsi, ƙas ɗin ya zo bayan an wuce gona da iri. Shi ya sa masu haɗa injin tsere ba sa dogara da ita a kan bol ɗin kwanrod. Suna auna tsawonsa kafin ɗauri da bayan ɗauri. Injunan baya-bayan nan kuma da kusurwa ake ɗaure su. Injin Rover K, wanda aka sa wa MGF a 1995 da Lotus Elise ta farko, bol 10 ne suka ratsa shi tun daga tof silinda har gindi, kowane ya haura santimita 40. Ana fara ɗaure su da ɗan ƙaramin awo, sannan a juya kowane rabin zagaye, a sake bi a ƙara wani rabin.

Don haka yawancin aikin dattijon ba ɗauri ba ne, shara ce. Na zauna na kalle shi yana bin ramukan bulok ɗaya bayan ɗaya. Ba ya sa abin yankan tiredi sai dole, domin yana cin lafiyayyen ƙarfe. Tsohon bol ya samu ya tsaga masa layi biyu a tsaye da zarto, shi yake murzawa ciki da yatsu ya fito da shi, tsagar ta cika da baƙin datti, ya goge da tsumma ya maimaita har ya fito fes. Sannan ya hura iska. Sannan ya zura 'yar waya ya ji ko ramin yana da gindi ko ya ɓula. Idan yana da gindi, tilas ya bushe, domin mai ko ruwa ba sa matsuwa. Bol ya sauko a kansu ba su da hanyar fita, sai su tsaga zubin ƙarfen. Idan kuwa ya ɓula zuwa hanyar ruwa ko ta baƙin mai, sai ya yi masa alama da alli, domin wannan ramin sai an toshe zarensa. Tiredi komai kyansa ba ya cika. Akwai siririyar hanya mai karkace tsakanin namiji da mace, ruwa mai zafi kuwa zai bi ta har ya fito ƙarƙashin noti.

Wannan ya kai mu ga kantar da ke saman tebur, inda ya jera kwalabe da tub-tub. A gida duk gam muke ce musu, kuma sau da yawa guda ɗaya muke shafa wa komai. A nan kowane da aikinsa, wasu ma kishiyoyin juna ne.

Ya fara miƙo mini 'yar jar kwalbar Loctite. Na girgiza na ji kamar an sha rabi. Ya ce haka ake sayar da ita. Ruwan ciki iska ce ke hana shi daskarewa, shi ya sa ba a cika kwalbar, robar ma irin wadda iska ke ratsawa ce. Ɗigo ɗaya a kan tebur zai wuni yana ruwa. Amma da zarar ya shiga tsakanin zare da zare, iska ta yanke, ya taɓa ƙarfe, sai ya zama roba mai tauri ya cike duk wani gurbi. Vernon Krieble, malamin kimiyyar sinadarai a Kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, shi ya gano wannan a 1953. Kamfanin Henkel na Jamus ne ke da shi tun 1997. Kwalaben duk ja ne, launin ruwan ciki ne ke da magana. Shuɗi ana kwance shi da sifana. Ja kuwa sai an gasa wurin ya kai kimanin digiri 250 kafin ya saki, wanda bai sani ba sai ya karya kan bol ya bar jiki a ciki. Dattijon shuɗi yake amfani da shi, ɗigo biyu a zare mai tsabta marar maiƙo, kuma ba ko'ina ba.

Na tambaye shi washa mai tsaga, irin ta sifirin, wadda tun muna yara muka san ita ce maganin kwancewa. Ya ce yana mayar da su inda ido ke gani don motar ta yi kama da yadda ta fito, amma ba ya ba su amanar komai. Tun 1969 wani injiniyan Jamus, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke kwance noti ita ce ta gefe da gefe, na'urar gwajin da ke ɗauke da sunansa kuma ta sha tona asirin irin wannan washa. Da an ɗaure ta sosai ta baje, ta zama washa kamar kowace.

Abin toshe ɗiga daban yake da abin hana kwancewa, ko da yake wasu 'yan gida ɗaya ne. Fari ne mai kauri, ba ya riƙewa da ƙarfi, aikinsa cike waccan karkatacciyar hanya. Kafin a shafa shi sai an san irin tiredin. Akwai mai tsukewa, wanda kaurinsa ke ƙaruwa yana shiga, kamar na wasu matosan hanyar mai da na'urar auna ƙarfinsa; wannan a zare yake toshewa, shi ke son shafi. Akwai miƙaƙƙe, wanda washar tagulla ko ta fiba ce ke toshe shi a ƙarƙashin kai. A shafa masa duniya, idan washar ta mutu zai ɗiga. Tsohuwar washar tagulla ma ba ya jefarwa, yakan gasa ta ta yi ja ta huce, ta koma laushi. Bututun birki da na fetur masu buɗaɗɗen baki kuwa ƙarfe da ƙarfe suke haɗuwa, ba a sa musu komai. A nan ma Ingila da Amurka ba su bar mutane sun huta ba: ƙaramin tiredin bututu na 1/8 zare 28 ne a tsarin BSP na Ingila, 27 a tsarin NPT na Amurka. Zare ɗaya tal, ya isa ya sa sabuwar na'ura ta shiga ta yi kamar ta zauna, tana tsiyayar da mai.

Farin salatif na masu gyaran famfo ba ya shiga garejinsa. Dalilinsa uku ne, kuma na gamsu da su. Zare yana yayyanka shi, guntayen su bi mai su je su toshe ƙaramar hanyar da ke shayar da metal. Santsinsa yana ruɗar hannu, a yi ta murza mai tsukewa har ya tsaga alminiyum. Na'urar da ke samun wutarta ta jikin inji kuma yana iya raba ta da ƙarfen. Ko farin shafin ma zare biyu na farko yakan bar su haka nan, don kada a tura shi ciki.

Don fuskokin da ke haɗuwa da gasket yana da Hylomar, shuɗin shafi da aka samar tare da Rolls-Royce saboda injin jirgin sama. Ba ya bushewa, don haka bayan shekaru ana iya raba ƙarfen ba tare da guduma ba. Yana shafa shi siriri har ana hango ƙarfe ta ciki. Da na ambaci silikon, sai ya tashi ya ɗauko wata kwalbar jam daga taga. A ciki akwai wasu jajayen zaruruwa kamar tana, wasu sun kai tsawon yatsa. Daga ragar da famfon mai ke tsotsa ya tsince su ranar da ya buɗe gindin injin. Wani ya lafta silikon a bakin kwanon mai, da ya ɗaure, abin da ya ɓullo waje ya goge ya ji daɗi, ya manta daidai wannan adadin ya ɓullo ciki. Zafi da mai suka ɓamɓaro shi. Ragar ta toshe kusan rabi, kiranshaf ya sha ƙishirwa, sai da aka kai shi aka wasa. Kawu bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya kwalbar a hannu ya ce ya san injuna da dama da suka buga ba a san dalili ba, aka ɗora wa baƙin mai laifi.

A ƙarshen mako muka bi shi Beaulieu, can kudu a dajin New Forest, inda dawakai ke yawo sake a kan titi, mota ta tsaya sai sun ga dama sun kauce. Gidan tarihin motoci na ƙasa yana can, wanda Lord Montagu ya fara a 1952, kuma tun 1967 ake cin kasuwar tsofaffin kayan mota a filinsa. Ta watan Satumba ce babba. Rumfuna sun haura dubu, masu saye har daga Holan da Jamus da Faransa, kowa yana jan 'yar kura. Fitilu, kafireta, sitiyari, lambobin bodi, littattafan gyara da maiƙo ya cinye. Dattijon ya wuce duk wannan bai waiga ba, sai gaban wani mai tebur da ba shi da komai sai gwangwanayen taba cike da abin yankan tiredi. Ya durƙusa da tabarau da ɗan ma'auninsa, ya fi rabin sa'a yana tona, ya tashi da guda biyu na milimita 8 mai tazarar 1. Bol ɗin milimita 8 da ake samu a kowane shago yau tazararsa 1.25 ce, shi ma ba ya shiga injinsa.

A rumfar gaba ana sayar da bol na ƙarfen da ba ya tsatsa, suna walƙiya a rana, mutane sun yi dafifi. Kawu ya yaba. Dattijon ya juya kan ɗaya ya nuna mana rubutun A2-70. Bol na gama-gari mai lamba 8.8 ya fi shi ƙarfi, balle 10.9 ko 12.9, kuma marar tsatsan yana da halin cijewa da notinsa har su zama abu guda. A riƙe lambar mota da shi ko murfin wani abu, ba laifi. A kwanrod ko fulawil, a'a. Wanda kansa ba rubutu ko alama kuwa ko kyauta ba ya karɓa.

A hanyar dawowa na yi ta auna abin da na gani. Ban yarda dattijon ya fi makanikan gida basira ba. Mutumin da zai saurari inji daga nesa ya ce maka bawul ne ko metal, ya ƙera abin da babu daga abin da ke akwai, ba a raina masa sani. Abin da dattijon ya fi su shi ne lokaci. Ba mai tsaye a kansa yana cewa gobe da asuba zai ɗauki fasinja. Ba a yi cinikin aikin an rage masa kuɗin gasket ba. Yana da fansho, yana da wata motar da yake zuwa kasuwa da ita, TC kuwa ko ta shekara a kan jak ba wanda zai kwana da yunwa. Duk da haka, rabin abin da yake yi ba ya cin ko sisi: kwali da biro, tsohon bol mai tsaga, 'yar waya, da rage hannu wajen shafa gam. Kawu ya ce wannan gaskiya ne, amma in je in faɗa wa mai motar haya ya jira a share rami talatin.

Kafin in bar Ingila mun koma mun tarar ya kai ga ɗora tof silinda. Ya shafa ɗan mai a zare da ƙarƙashin kowane noti, ya fara daga tsakiya yana fita waje, hagu da dama, ba a karo ɗaya ba: ya bi su duka da sauƙi, ya ƙara lamba ya sake bi, sannan ya kai su cikakken awo. A zagayen ƙarshe ya miƙa wa Kawu sifanar. Kawu ya gyara tsayuwa, ya ja a hankali ba fizga, ta yi ƙas, ya ce ai daidai nan hannunsa zai tsaya ko ba ita. Ba a gama ba ma. Idan injin ya yi zafi ya yi 'yar tafiya, gasket za ta kwanta, sai an sake bin notunan.

Na hango wani faranti mai faɗi a ƙarƙashin motar, na tambaya ko na wanke kaya ne. Dattijon ya ce na mai ne. Bayan kiranshaf ɗin XPAG ba shi da robar da ke tare mai irin ta injunan yanzu. Wani karkataccen zare ne aka yanka a jikinsa, yana juyawa yana mayar da mai ciki. Idan an kashe inji zaren ya tsaya, abin da ya taru ya gangaro ƙasa. Ana sayar da wata roba ta zamani da ake ɗorawa a wurin, amma masu TC sun rabu biyu a kanta, shi kuma yana cikin waɗanda ba su yarda da ita ba. Kawu ya kalli kantar kwalaben, ya kalli farantin, ya ce, "Wato duk wannan hidima, kuma za ta ɗiga?" Da na fassara masa, dattijon ya ce ƙwarai za ta ɗiga, amma daga wuri ɗaya.